Hoton Magangarar Ruwa a Ƙarancin Haske: Nazarin Aikin Wani Mai Hoto na Agege a Erin Ijesha

Aikin da wannan nazari ya shafa ba babba ba ne ta fuskar kuɗi, amma ya tara kusan duk matsalolin da ke jiran wanda ya saba ɗaukar hoton mutane ranar da aka ce ya ɗauki hoton ruwa mai gudu. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ya buɗe gidan abinci a Agege ya buƙaci hoto guda ɗaya mai faɗin mita 2 domin bangon zauren da baƙi ke zama. Ya gindaya sharuɗɗa biyu: wurin ya kasance a Nijeriya yake, ba hoton wata ƙasa da aka sauke daga intanet ba, sannan ruwan ya fito da laushi, zare-zare, irin wanda ake gani a manyan kalandu. Wanda aka ba aikin mai sutudiyo ne a unguwar, ya daɗe yana ɗaukar hotunan ɗaurin aure, suna, walimar sauka da fasfo, kuma babu mai shakkar gwanintarsa a wannan fage. Yana da kyamara mai megafiksel 24 da yaro guda mai koyon sana'a a hannunsa.

Legas ba ta da magangarar ruwa, domin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta gaɓar teku da tafki da fadamu, don haka dole aka duba waje. Gurara tana Jihar Neja, Farin Ruwa tana Nasarawa, Matsirga tana Kafanchan, dukkansu sun yi nisa ga aikin da ba a ware masa kuɗin tafiya mai yawa ba. Sai aka tsaya a kan Erin Ijesha, wadda Yarabawa ke kira Olumirin, a Ƙaramar Hukumar Oriade ta Jihar Osun, kusa da Ilesa. Ruwan yana saukowa hawa bakwai daga kan duwatsu a cikin kurmi, kuma daga Legas ana bin babbar hanyar Ibadan, a wuce Ife da Ilesa, tafiyar da ta haura kilomita 200.

Tafiyar farko an yi ta ne a ƙarshen Fabrairu. Mai hoton da yaronsa sun baro Agege bayan sallar Asuba da niyyar su je su dawo a rana ɗaya, kuma wannan niyya ita ce ta kashe aikin tun kafin a ciro kyamara daga jaka. Wanda ya bar Legas da safe zai isa Erin Ijesha ne da rana tsaka, lokacin da rana ke ratso ganyayen bishiyoyi tana faɗowa tabo-tabo, wani sashen ruwan ya yi fari fat, dutsen da ke gefensa kuma ya yi baƙi ƙirin. Idon mutum yana iya haɗa waɗannan biyu ya ga kyau, amma kyamara ba ta iyawa a ɗauka ɗaya. Ga shi kuma rani ne, ruwan ya ragu, ga 'yan yawon buɗe ido da ɗalibai sun cika gindin ruwan suna wanka.

Mai hoton ya san cewa laushin ruwa yana samuwa ne idan aka bar ƙyauren kyamara a buɗe na ɗan lokaci, don haka ya tsuke tagar haske zuwa f/22, ya sauke ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 100, ya nemi rabin sakan. Hoton ya fito fari sol, babu komai a inda ruwa yake. Lissafin da ya hana shi ba ɓoyayye ba ne. A hasken rana sosai, da ISO 100 da f/16, kyamara tana buƙatar kusan 1/125 na sakan ne kawai. Daga 1/125 zuwa rabin sakan matakai shida ne, kowane mataki yana ninka hasken da ke shiga sau biyu, wato haske ya ninku sau 64. Tsuke taga daga f/16 zuwa f/22 mataki ɗaya kacal yake ragewa, sannan yana da nasa lahani, domin idan tagar ta yi ƙanƙanta ƙwarai haske yana bazuwa a gefenta, hoton duka ya rasa kaifi. A ƙaramin hoto ba a lura da wannan, amma a bango mai mita 2 ba ya ɓuya.

Da yamma ta yi, mutane suka watse, kurmin ya fara duhu, sai aka samu ainihin hasken da aikin ke buƙata. A nan ne kuma sabo da ɗakin biki ya rinjayi mai hoton. Wanda ya shekara yana ɗaukar amarya da ango a zaure marar wuta ya koyi cewa duhu abokin gaba ne, maganinsa kuma ɗaga ISO da kunna filas, kyamara a hannu. Haka ya yi: ya kai ISO 3200, ya kunna filas, ya ɗauka. Filas ɗin bai kai ga ruwan ba, domin haskensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da nisa ya ninku biyu, abin da ya haska kawai shi ne feshin da ke yawo a gaban kyamara, sai hoton ya cika da fararen ƙwallaye. Waɗanda ya ɗauka ba filas sun fito da yashi-yashi a wuraren inuwa, ruwan kuma ya tsaya a tsakiya, bai daskare ba bai yi laushi ba. Da ya gwada rabin sakan da hannu, duwatsu da bishiyoyi suka bi ruwan suka yi dishi-dishi. Ƙa'idar da masu hoto suka sani ita ce, da idon kyamara mai milimita 24, hannu ba ya riƙewa lafiya idan lokacin ya wuce kusan 1/25 na sakan, kuma ko kyamarar tana da na'urar rage girgiza, rabin sakan a kan jiƙaƙƙen dutse bayan hawan tsauni ya fi ƙarfin yawancin hannuwa.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci a wannan lamari shi ne yadda mai hoton ya karanta faɗuwar tasa bayan ya dawo. Bai ɗora laifi a kan kyamara ba, bai kuma nemi Alhaji ya ƙara kuɗi don sayen sabuwa ba. Ya gane cewa ya jera tambayoyinsa a juye. A hoton mutane, tambayar farko ita ce ko haske ya isa, sauran abubuwa su biyo baya. A hoton ruwa mai gudu, tambayar farko ita ce tsawon lokacin da ruwan ke buƙata, sannan a tanƙwara taga da ISO da filta (gilashin da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara) da ma lokacin tashi daga barci su yi wa wannan tsawon lokaci hidima. Idan aka duba ta wannan fuska, ƙarancin haske taimako ne, domin shi ne ke ba da damar barin ƙyaure a buɗe ba tare da hoto ya ƙone ba.

Tsawon lokacin kuwa saurin ruwan ne ke yanke shi, kuma saurin ana iya lissafa shi. Ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 4 da rabi a sakan, wanda ya faɗo daga mita 20 kuma yana kusantar mita 20 a sakan, idan ba a sa turjiyar iska a lissafi ba. Ma'ana, a kwata na sakan ɗigon ruwa a gindin doguwar magangara ya riga ya ja layi mai tsawon mitoci a cikin hoton, alhali ruwan da ke malala a hankali tsakanin duwatsu bai yi nisa ba. Shi ya sa babu lamba ɗaya da ta dace da kowane ruwa. Ruwa mai ƙarfi yana yin laushi tun daga 1/8 ko kwata na sakan, siririn ruwan rani yana son sakan ɗaya ko biyu, kumfar da ke kewaya a tafkin gindi kuma sai ta samu sakan da yawa kafin ta zana da'ira.

Domin ya ga wannan da idonsa ba tare da barin Legas ba, mai hoton ya mayar da tankin rijiyar burtsatse na gidan da yake haya makaranta. Duk lokacin da tankin ya cika ya fara zuba ta bango da sassafe, sai ya kafa kyamara a kan ƙafa-uku, wato abin girke kyamara, ya ɗauki zubar ruwan a 1/30, 1/15, 1/8, kwata, rabi, sakan ɗaya, har zuwa sakan 15, yaron yana rubuta lambar kowane hoto a bayan takardar rasit. Da suka jera su a kwamfuta sai bambancin ya bayyana ƙarara: har zuwa rabin sakan ana ganin zaren ruwa ɗaya bayan ɗaya da 'yan ratsin duhu a tsakaninsu, daga sakan huɗu kuwa ratsin ya fara toshewa, a sakan 15 sai farin shafe kawai. Da dare kuma sukan fita kusa da gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, su ɗauki fitilun motoci, domin yaron ya saba da sa ƙidayar sakan biyu da janye hannu daga kyamara kafin ta ɗauka.

Kayan da aka ƙara ba su da yawa. A Computer Village da ke Ikeja ya sayi filta biyu: mai kashe ƙyalli, wadda ake rubuta CPL a jikinta, da baƙar filta mai lamba ND64, wadda ke rage haske matakai shida. An yi masa tayin irin wadda ake murzawa ta ƙara duhu ko ta rage, ya ƙi, kuma ya yi daidai, domin masu araha daga cikinsu sukan jefa inuwa mai siffar gicciye a hoto idan aka murza su zuwa ƙarshe a kan ido mai faɗin gani. Ƙafa-uku mai nauyi kuma aro ya yi daga wani abokin sana'a mai ɗaukar bidiyon biki, saboda tasa ta sutudiyo marar nauyi ce, iska kaɗan ke kaɗa ta.

Tafiya ta biyu an sa ta a ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta kudu maso yamma ke janyewa. A tsakiyar damina ruwa yana da yawa, amma yakan zo da laka, feshinsa yana hana matsowa, duwatsun kuma suna da santsi mai haɗari. A ƙarshenta ruwan yana nan da ƙarfinsa, ya fara washewa, ganye kuma kore shar. A wannan karon sun kwana a Ilesa a tsakiyar mako, bayan sun je da yamma sun gaisa da masu kula da wurin, sun nemi izinin shiga da sassafe tare da ɗan rakiya, sun kuma zaɓi inda za a kafa kyamara tun da sauran haske. Wannan zaɓe na jajibiri ya zama dole saboda dalilin da mutanen Turai masu koyar da hoto a intanet ba su cika ambata ba: a ƙasar da ke kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana fitowa kusan a miƙe, tsakanin wayewar gari da fitowarta minti ashirin da 'yan kai ne kawai. A wannan yanki rana tana fitowa tsakanin kusan ƙarfe shida da minti ashirin da kusan ƙarfe bakwai duk shekara. Wanda ya tsaya neman wurin tsayuwa a cikin wannan ɗan lokaci ya yi asararsa, ko da yake inuwar kurmi da duwatsu tana ƙara wa mai hoto ɗan sarari bayan rana ta fito.

Matsalar farko a safiyar ta zo ne daga inda ba a zata ba. Kyamarar ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da aka fito da ita cikin ɗumi da laimar kurmi sai gumi ya rufe gilashinta, gogewa kuma ba ta magani domin yana dawowa nan take har sai gilashin ya ɗauki ɗumin wurin. Sun yi jira na wasu mintuna masu tsada. Maganin shi ne a bar jakar a rufe a wuri marar sanyi tun da dare, ko a fito da ita waje tun kafin sallah.

Da gilashi ya washe, mai hoton ya bi tsari. Ya buɗe ƙafafun ƙafa-uku ya danna su cikin tsakuwa har suka zauna, bai ɗaga sandar tsakiya ba domin ita ce ta fi kawo rawa. Ya kashe na'urar rage girgiza, wadda a wasu kyamarori takan haifar da motsi idan ba ta samu motsin da za ta gyara ba. Ya sa RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye don gyara a kwamfuta, da ISO 100, f/11, milimita 24. Ya daidaita gani da hannu a kan wani dutse mai nisan kusan mita 3, yana faɗaɗa hoton a allon baya har ya ga gansakukar da ke jikinsa. A lissafi, daidaitawa a kusan mita 2 ta isa ta kama daga mita 1 zuwa ƙarshen gani, amma hoton da za a buga da girma yana son a ƙara tazara. Sannan ya murza filtar kashe ƙyalli a hankali yana kallo, har farin ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙun duwatsu da ganye ya gushe, launin dutsen na asali ya fito. Wannan filta tana cin haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda a nan riba ce, kuma aikin da take yi na cire ƙyalli ba a iya yin sa daga baya a kwamfuta.

Hoton farko ya ci sakan 20, kuma ya tabbatar da darasin tanki. Ruwan ya fito kamar an kwarara kindirmo a kan dutse, fari, sumul, babu zare babu ƙarfi, ganyayen gefe kuma sun zama koren hayaƙi, saboda magangarar ruwa tana haifar da iskarta da kanta ko da gari a tsaye yake. Yaron ya yi murna da hoton, ya ce, "Oga, ai wannan shi ne irin na kalanda." Mai hoton ya amsa masa cewa su jira haske ya ƙaru tukuna. Ina ganin wannan jira shi ne hukunci mafi kyau da aka yanke a aikin gaba ɗaya, domin masu fara wannan fanni da yawa sukan ɗauka cewa duk yadda lokaci ya yi tsawo haka hoto zai yi kyau, sai su shafe siffar ruwan da suka yi doguwar tafiya don su gani. Ruwan Erin Ijesha a ƙarshen damina yana da nauyi da kuzari, kuma hoton da ya ɓoye wannan bai faɗi gaskiyar wurin ba.

Haske yana ƙaruwa, lokacin yana raguwa da kansa: sakan 8, 4, 2, 1, har rabi, ba tare da an taɓa taga ko ISO ba. A wannan tsakani abin da ya fi wahalar da su feshi ne. Ɗigo ɗaya a kan filta ya isa ya ɓata hoto, kuma a ƙaramin allon kyamara ba a ganinsa sai an dawo gida. Tsarin da suka bi shi ne yaron ya riƙe lema a gaban kyamara, mai hoton ya goge filta da busasshen ƙyalle mai laushi, ya danna ƙidayar sakan biyu, yaron ya janye lemar ana saura ƙiris, da ƙyaure ya rufe ya mayar da ita. Ƙyallayen suna cikin leda a aljihu, wanda ya jiƙe a ajiye shi a ɗauko wani. Bayan kowace ɗauka mai hoton yana duba jadawalin haske da alamar da ke ƙiftawa a wuraren da suka ƙone, bai dogara da kyan da hoto ya yi a allo ba, domin a cikin duhu allo yana yaudarar ido. Ya rage haske kaɗan daga abin da kyamara ta nuna, saboda duhun duwatsu yana sa ta ƙara haske fiye da kima, alhali inuwa ana iya ɗago ta daga RAW, farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

Baƙar filtar da aka kashe wa kuɗi ba ta yi aiki ba sai da hantsi, lokacin da kyamara ta fara nuna 1/60 a f/11; da aka ɗaura ta sai lokacin ya koma kusan sakan ɗaya. An daidaita gani kafin a ɗaura ta, aka kuma rufe ramin leƙawa na baya don kada haske ya sato ta can. Hotunan sun yi daidai ta fuskar lissafi, amma rana ta riga ta fara taɓa saman bishiyoyi, tabon haske ya dawo, mutane kuma sun fara isowa. Hoton da aka zaɓa daga baya yana cikin na sassafe ne: rabin sakan, f/11, ISO 100, da filtar kashe ƙyalli kaɗai.

Aikin kwamfuta bai yi yawa ba. Hasken inuwa shuɗi ne, don haka an ɗumama launin kaɗan har farin ruwan ya zama fari, ba tare da an kai shi rawaya ba. Sai batun ganye: ko a rabin sakan wani reshe da ke gaba ya motsa. Mai hoton ya riga ya ɗauki hoto na biyu daga wuri ɗaya, a daidai wannan lokaci, da ISO mai ɗan yawa da lokaci gajere, sai ya ɗauko reshen daga can ya haɗa. Da ya kai wa Alhaji samfuri ya faɗa masa hakan a fili, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da duwatsun ɗauka ɗaya ce, wannan reshen ne kawai na ɗauko daga hoton da ya biyo baya." Na goyi bayan wannan bayani, domin sharaɗin mai aikin shi ne hoton wuri na gaskiya, kuma haƙƙinsa ne ya san inda aka sa hannu. Alhaji ya amince, sai dai ya nemi a nuna masa na sakan 20 ɗin ma, kuma ya ɗan yi jinkiri a kansa kafin ya zaɓi na rabin sakan, bayan an buga gutsuren kowanne da girman da zai fito a bango an jingina su gefe da gefe.

Megafiksel 24 yana nufin ɗigo 6,000 a faɗi, wanda idan aka shimfiɗa shi a mita 2 yana ba da kusan ɗigo 76 a kowane inci. Wannan bai kai ma'aunin hoton albam da ake riƙewa a hannu ba, amma ya wadatar ga wanda ke zaune mita 2 ko 3 daga bango, muddin hoton yana da kaifi tun asali, kuma a nan ne ƙin f/22 da aron ƙafa-uku mai nauyi suka biya. An buga shi a takarda marar ƙyalli saboda fitilun zauren, aka bar ɗan sarari tsakanin firam da bango saboda laimar Legas. Kyamarar da idonta kuma sun yi kwanaki a akwati mai busassun ƙwayoyin tsotse laima bayan dawowa, domin gilashin da aka mayar jaka da danshi a wannan gari yakan yi fumfuna a ciki. Hawa na sama na magangarar ba su shiga aikin ba, saboda mai hoton ya ga hawa santsin dutse a duhun asuba da kaya a baya haɗari ne da bai kamata ya jefa yaron mutane a ciki ba, kuma ɗan rakiyar ma ra'ayinsa ke nan.